Tsohon i7 ko sabon i5? Amsa ga mai editin ɗin biki da ke son buga gem

Ga saƙon da ya shigo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Yaya. Dan Allah shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Ina editin ɗin bidiyon biki da suna ne da wata tsohuwar laftof, wadda in na sa ta renda sai in je masallaci in dawo in ci abinci ba ta gama ba. Na ɗauki adashi, yayana kuma ya ce zai cika min in haɗa kwamfutar tebur, amma da sharaɗin ta aiki ce ba ta wasa ba. Ni kuma gaskiya ina son buga FC da GTA da Warzone, har ina son in riƙa yin layif. Wani mai shago ya nuna min wata landan yus mai i7-4770, ya ce i7 ai i7 ne, ya fi duk wani i5. Abokina ya ce in sayi Ryzen 5 5600, wani kuma ya ce AMD zafi yake ba ya jure garinmu, a YouTube kuma kowa 7800X3D yake kira. Wanne zan ɗauka da zai yi min gem kuma in na buɗe abubuwa da yawa ba zai tsaya ba? Kuma yayana fa, in faɗa masa ko in yi shiru?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh bari mu fara da mai shagon nan, don shi ne ya fi kusa da aljihunka.

Wannan i7-4770 ɗin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na kamfanin Intel, kuma a 2013 aka fitar da shi. Ka lissafa shekararsa da kanka. A lokacinsa sarki ne, ba gardama, amma kor 4 gare shi da tired 8 (kor su ne ma'aikatan da ke cikinsa, tired kuma yawan ayyukan da suke riƙewa lokaci ɗaya), ram ɗinsa, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, tsohon samfurin DDR3 ne, kuma Windows 11 ma ba ta karɓarsa a hukumance don ita daga zubi na 8 na Intel take farawa, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Maganar "i7 ai i7 ne" kamar mutum ya ce maka Marsandi ai Marsandi ce, ya miƙo maka ta zamanin Shagari ya ce ta fi sabuwar Corolla gudu. Sunan i3 da i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin 'yan gida ɗaya da aka haifa shekara ɗaya, wato wane ne babba wane ne ƙarami. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan layin. 4770 zubi na 4 ke nan, 12400 zubi na 12. Wallahi ko ƙaramin i3-12100, wanda shi ma kor 4 ne da tired 8, zai bar wannan i7 ɗin a baya a gem da editin duka, don kowane kor nasa ya fi na tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. A laftof ma abin ya fi muni, akwai i7-7500U da ke cike a kasuwa ana ta cika baki da shi alhali kor 2 ne kacal a cikinsa.

Kuma irin waɗannan kwamfutocin na ofis da ake kwasowa daga Turai da Amurka suna da wata matsalar da mai shago ba zai ambata ba, akwatinsu siriri ne, fawa safulai ɗinsu, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami ne kuma sau da yawa fulogin da ke cikinsa na kamfanin ne kaɗai, kaga ranar da ka sayo girafik kad mai kyau, wato kad ɗin da ke zana hoton gem a allo, sai ka tarar ba ya shiga, in ya shiga ma ba wutar da za ta ɗauke shi. Ka bar masa kayansa. Tana da amfani ga mai shagon buga takardu, kai dai ba taka ba ce.

Yanzu ga inda mutane suke ruɗewa, gem da aiki da yawa lokaci ɗaya ba abu ɗaya suke nema a wurin furosesa ba. Ka ɗauki kor a matsayin lebura. Renda, wato fitar da kammalallen bidiyo bayan editin, kamar sauke buhunan siminti ne daga tirela, in ka ƙara lebura aikin zai ƙara sauri don kowa buhunsa zai ɗauka ba ruwansa da na wani. Gem kuwa ya fi kama da layin miƙon bulo a wurin gini, sai wannan ya miƙa kafin wancan ya karɓa, akwai aikin da ba ya rabuwa, dole mutum ɗaya ya gama shi kafin hoto na gaba ya fito a allo. Shi ya sa yawancin gem in suka samu kor 6 masu sauri sun ƙoshi, ka ba su 24 ma sauran zaman kashe wando za su yi. Tired kuma dabara ce ta sa lebura ɗaya ya riƙe aiki biyu, in wannan ya tsaya jira ya juya kan wancan, yana taimakawa amma kar ka ƙirga shi a matsayin cikakken mutum.

Sai kash, wanda shi ne sirrin 7800X3D ɗin da kake ta ji. Kash wata 'yar ma'ajiya ce a cikin furosesan kansa. Ka tuna mai shayi, wanda madara da siga da kofi duk suna gabansa a tebur ba ɗaya yake da wanda sai ya ruga cikin shago duk lokacin da aka ce a ƙara siga ba. AMD, masu yin Ryzen, sun ƙara wa furosesa kash, suka fara da 5800X3D a 2022, sai 7800X3D a Afrilun 2023, sai 9800X3D a ƙarshen 2024, kowannensu kor 8 da babban kash har 96MB, alhali Ryzen 5 5600 yana da 32MB, i5-12400 kuma 18MB. Gem na son wannan abu sosai, shi ya sa 'yan YouTube ke rantsuwa da shi kuma gaskiyarsu ne. Amma ka lura da yadda suke gwajin, girafik kad mafi tsada a duniya suke haɗa shi da shi don kada kad ɗin ya riƙe shi, sannan su nuna maka bambanci. Kai da za ka sa kad matsakaici da monita mai 60Hz, wadda hoto 60 kawai take iya nunawa a sakan ko da injin ya haifi 200, mafi yawan kuɗin da ka zuba ba za ka gan shi da idonka ba. A renda kuma wannan ƙarin kash ɗin kusan ba abin da yake tsinana maka. Ga shi 7800X3D sai madabod, wato faifan da ake dasa furosesa da sauran kayan a kansa, mai soket ɗin AM5, shi kuma DDR5 kaɗai yake karɓa, kaga tsada ta ja tsada.

Maganar AMD zafi yake, tsohon labari ne da ya ƙi mutuwa. Yana da asali, don kafin Ryzen akwai zuriyar FX, har da wani FX-9590 na 2013 mai cin wat 220, wannan kam murhu ne. Amma tun da Ryzen ya fito a 2017 zance ya canza. Ryzen 5 5600 wat 65 aka rubuta masa. In ana neman mai zafi yanzu sai a leƙa manyan Intel, i9-13900K yana iya kaiwa wat 253 in ya buɗe wuta, ko i5-13600K ma yana kai 181. Wanda ya faɗa maka wannan magana ina jin daga bakin wani ya ji, shi ma daga bakin wani.

Tunda na ambaci wat bari in tsaya a nan kaɗan, don masu gwajin nan na Amurka da Jamus ba su san NEPA ba. Su a ɗaki mai sanyi suke da wutar da ba ta ƙiftawa. Kai kuwa ko inbata ce da batir biyu, ko ƙaramin janareta da fetur ɗinsa yake cin riba, ga watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Furosesa in ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, to ka sayi i9 da kuɗin gona ka sa masa ƙaramar fanka a ɗakin da ba iska, sai ka tarar ƙarfin da ka biya bai fito ba, ga batir na mutuwa tun kafin la'asar. A yanayinmu furosesa mai wat 65 ni'ima ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya cire i9 daga lissafinka.

Akwai kuma wani abu game da manyan Intel na zubi na 13 da 14 da ya kamata duk mai sayen na hannu ya sani. A 2024 Intel da bakinsu suka amsa cewa wasu daga cikinsu, musamman i9 da i7 da masu harafin K, suna jan wutar da ta wuce kima har su lalace a hankali, gem ya riƙa fita da kansa, kwamfuta ta riƙa mutuwa. Sun fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod, kuma suka ƙara garanti da shekara 2, amma gyaran rigakafi ne, wanda ya riga ya taɓu ba ya dawowa. Kai da za ka saya a kasuwa ba rasit ba garanti, ta ina za ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko? Zubi na 12 ba ya cikin wannan rigima.

Toh mu zo kan biyun da suka rage, Ryzen 5 5600 na abokinka da i5-12400 da ni na kawo maka. Duka a 2022 suka fito, duka kor 6 tired 12, duka suna kai 4.4GHz, duka wat 65 a takarda duk da na Intel ɗin yana iya hawa 117 in an matsa masa. A gem kunnen doki suke, wani gem wannan ya ɗan wuce wani gem wancan, in aka rufe maka sunan ba za ka iya cewa ga wanda ke ciki ba. FC da GTA V ko a jikinsu. Warzone ya fi su nauyi amma shi ma kad da ram zai fi tambayarka. Abokinka bai ba ka muguwar shawara ba sam.

Amma ni da kuɗina ne kuma sana'ata irin taka ce, i5-12400 zan ɗauka, wanda ba shi da harafin F a ƙarshe. Ka riƙe wannan da kyau don a kasuwa 12400F ya fi yawa kuma ya ɗan fi araha. F na nufin an kashe ɗan girafik ɗin da ke cikin furosesan. Ɗan girafik ɗin nan ba zai buga maka Warzone ba, amma a cikinsa akwai abin da Intel ke kira Quick Sync, wanda aikinsa buɗe bidiyo da matse shi, irin tsarin bidiyo na H.264 da H.265 ɗin da wayoyi da kyamarorin biki ke ɗauka. A Premiere shi ne yake taimakawa ka ja bidiyon kamu gaba da baya a tayimlayin ba tare da yana tsinkewa ba. Sannan ga wata fa'ida da sai ranar wahala ake tuna ta, in girafik kad ɗinka ya mutu ana jibi za ka kai wa uwar amarya aikinta, sai ka zare shi ka maƙala wayar monita a madabod ka ci gaba da aiki. Ryzen 5 5600 da 12400F in kad ya mutu allo baƙi ƙirin, sai ka nemo aro. Akwai 5600G mai girafik a ciki, sai dai an rage masa kash zuwa 16MB, in za ka sa kad daban bai kai 5600 a gem ba.

In kuma ka je ka tarar kuɗin 5600 da madabod ɗinsa ya fi sauƙi sosai, ɗauki abinka ba tare da fargaba ba. Kullum ka haɗa kuɗin furosesa da madabod wuri ɗaya kafin ka kwatanta, don ba sa shiga gidan juna. Na AMD ɗin AM4 ne, ka nemi B550 ko B450, amma in B450 ne ka sa a kunna a gabanka don wasu sai an sabunta musu BIOS kafin su gane zuriyar 5000. Daɗin AM4 shi ne gobe in aiki ya buɗe za ka iya cire 5600 ka sa Ryzen 7 5700X mai kor 8 tired 16, shi ma wat 65, ba tare da ka taɓa komai ba. Na Intel ɗin LGA1700 ne, B660 ko B760, kuma akwai mai cin DDR4 akwai mai cin DDR5, ka tambaya kafin ka sayi ram kada ka dawo gida da abin da ba ya shiga. In kuɗi ya ɗan yi saura kuma editin ɗin ne ya fi damunka, i5-13500 yana da manyan kor 6 da ƙanana 8, 14 ke nan, ƙananan suna ɗauke ƙananan ayyuka na bayan fage kuma suna sa hannu a renda.

Batun buɗe abubuwa da yawa kuwa, zan faɗa maka abin da mai shago ba ya so ka sani, yawancin tsayawar da kwamfuta ke yi in an buɗe Premiere da Photoshop da Chrome mai shafi 20 da WhatsApp ba laifin furosesa ba ne, ram ne ya cika. Ina kyautata zaton laftof ɗinka ma rabin ciwonta ke nan, da tsohon had dis mai juyawa. Kada ka sauka ƙasa da 16GB, in da hali 32GB saboda editin, kuma ka sayi sanda biyu iri ɗaya maimakon guda ɗaya babba, wato 8 biyu ko 16 biyu, don sanda biyu hanya biyu suke buɗe wa furosesa kuma a gem ana jin bambancin. Windows da manhajojinka su zauna a SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, had dis ɗin ka bar shi ma'ajiyar tsofaffin bukukuwa.

Layif ɗin ma kada ya tsorata ka har ka ce sai kor 12. In kad ɗinka na Nvidia ne akwai wani sashe mai matse bidiyo da ake kira NVENC a cikinsa, ka shiga saitin OBS, manhajar yin layif, ka zaɓe shi, shi zai ɗauki nauyin matse bidiyon furosesa ya ji da gem. Abin da zai fi ba ka ciwon kai a layif data ce da netwok, ba injin ba.

Kaga duk zancen nan yana komawa wuri ɗaya, kaso mafi tsoka na kuɗinka girafik kad ya kamata ya ci. RTX 3060 mai 12GB ko RX 6600 mai 8GB tare da ɗayan furosesoshin nan biyu za su buga maka duk abin da ka lissafa a 1080p lafiya lau, ni na fi karkata ga 3060 ɗin saboda editin da layif. Kuma dan Allah kada ka yi rowa a fawa safulai, mara suna mai araha shi ne yake tafiya da kad da madabod rana ɗaya in wuta ta yi rawa. Ka ajiye na UPS ko da ƙarami ne, ko don ka samu minti biyar na sebin in an ɗauke.

Yanzu yayanka. Faɗa masa. Ba wai don wa'azi ba, lissafi ne kawai, kwamfutar tebur ba waya ba ce da za ka ɓoye a aljihu, wata rana zai shigo da daddare ya tarar kana ihu kana buga Madrid da Barca, kuma abin da zai ɓata masa rai ba ƙwallon ba ne, ɓoyewar ce, daga nan kuma duk abin da ka ce masa na aiki ne sai ya yi shakka. Ga shi ma ba ka da abin kunya, don injin da na zana maka ɗin nan ko ba ka taɓa buga gem ba shi zan ce ka haɗa, furosesan na editin ne, ram ɗin na editin ne, kad ɗin ma Premiere da DaVinci suna amfani da shi. Ka rubuta kayan a takarda da kuɗin kowanne ka kai masa, ka ce Yaya ga abin da zan saya ga aikin kowanne, kuma in na gama aikin mutane da daddare ina ɗan taɓa gem a kai. In ya yi faɗa ya yi, na minti goma ne, yayye ai sun saba. Inda za ka ci amanarsa shi ne ka karɓi kuɗinsa ka zuba a 7800X3D, don wannan ƙarin kuɗin na wasa ne zalla, ba zai sa bidiyon ko amarya ɗaya ya fita da wuri yadda ya kai kuɗinsa ba. In kana sonsa ka bari ribar biki ta saya maka nan gaba.

Ranar sayayya ka tafi da wanda ya san kan abin, kuma kada ka biya sai an haɗa an kunna a gabanka. Ka buɗe Task Manager ko CPU-Z ka ga sunan furosesan da idonka, ba sitikar da aka liƙa a jikin akwati ba, sitika ko ni ina iya liƙawa. In 5600 ne na hannu ka juya shi ka duba ƙafafunsa, don shi allurorinsa a jikinsa suke kuma suna lanƙwashewa, in na Intel ne allurorin a cikin soket ɗin madabod suke, can za ka haska da fitilar waya. Ka tambaya ko da fankarsa, sabo a kwali yana zuwa da ita amma na hannu sau da yawa tsirara ake miƙo shi. Sannan ka tafi da wani ɗanyen bidiyon biki a filash, mai nauyi, ka ce a bar ka ka yi renda ɗinsa a nan shagon kana kallon zafin furosesan a manhajar HWMonitor. In mai shago ya fara cewa ai ba lokaci, ga kwastomomi na jira, ka karɓi filash ɗinka ka leƙa shago na gaba.